Wa Ke Wasa da Wa? Dara, Ludo da Karta Tsakanin Tsakar Gida da Majalisa a Ƙasar Hausa

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi wasannin zaune guda uku da suka fi yawo a hannun Hausawa a yau: dara da ludo da karta. Tambayar da ta sa a gaba ita ce, me ya sa baƙi biyu, wato ludo da kartar Whot, suka shige har ƙuryar ɗaki, alhali darar maza, wadda take 'yar gida, ta tsaya a ƙofar gida da gindin bishiya? Maƙalar na ganin amsar tana cikin abubuwa uku: girman rabon da sa'a take da shi a cikin kowane wasa, da dokokin kunya da barkwanci waɗanda suka tsara wanda zai iya zama da wani a kan tabarma ɗaya, da kuma zargin caca da ke bin wasu kayan wasa duk inda suka shiga.

Gabatarwa



Duk lokacin da aka ce wasannin Hausawa a taron manazarta, hankali yakan tafi ga dambe da kokawa da langa da tashe da waƙoƙin gaɗa. Sun cancanci kulawar da suka samu, domin suna da kiɗa da kirari da taron jama'a, kuma mai nazari yana samun abin ɗauka ya kai gida. Wasan da ake yi a zaune kuwa ba shi da makaɗi, ba shi da sanƙira. Mutum biyu ne ko huɗu suka sunkuya a kan wani abu, wasu suna tsaye a kansu suna ta surutu. Ga wanda ke wucewa, zaman banza ne kawai. Amma a wannan zaman ne mutane da yawa suke cinye sa'o'in da ke tsakanin la'asar da magariba, da dararen azumi, da ranakun hutun makaranta. Abin da al'umma take ba wannan yawan lokaci bai kamata a bar shi ba tare da an tambaye shi ba.

Ma'aunin da na ɗauka na Roger Caillois ne, masanin zamantakewa ɗan ƙasar Faransa, wanda a littafinsa na 1958 ya kasa wasanni gida huɗu: na gasa, da na sa'a, da na kwaikwayo, da na jiri. Gidaje biyu na farko su ne suka shafe mu. Caillois ya ɗora ne a kan aikin Johan Huizinga na 1938, wanda ya nuna cewa wasa yana da da'irarsa ta daban, inda ake ajiye dokokin rayuwar yau da kullum a ɗauki na wasan. Zan karɓi rabe-raben Caillois, amma da'irar Huizinga ina da ja a kanta. A gidan Bahaushe ba kowace doka ake iya ajiyewa a bakin tabarma ba. Suruki surukinka ne ko da kuwa kai ne ka jefa shida.

Dara

Abu biyu ake kira dara, kuma rashin bambance su yana rikita zance. Akwai mai gurbi 12, shida a gaban kowane ɗan wasa, ana zuba 'ya'ya hurhuɗu a kowane gurbi, jimla 48, ana kwasa ana rarrabawa. Ita ce 'yar'uwar ayo ta Yarabawa da oware ta mutanen Gana, kuma a wurinmu an fi ganinta a hannun yara da 'yan mata. Akwai kuma darar maza, wadda ita ce abin nazarinmu a nan.

Darar maza tana da gurbi 30, layi biyar a tsaye shida a kwance, yawanci a tone a ƙasa. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12. Wannan ya riƙe tsinke ko guntayen kara, wancan ya riƙe tsakuwa ko ƙwallon dabino, don kada a ruɗe. Wasan kashi biyu ne. Da farko ana dasawa, kowa yana ajiye ɗansa a gurbin da ya zaɓa, bi da bi, ba a yarda kowa ya jera uku a wannan lokaci ba. Idan an gama dasawa sai a fara tafiya, gurbi ɗaya gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera 'ya'yansa uku a layi ya ci, sai ya cire ɗaya daga na abokin karawarsa. Jera huɗu ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka ragu har ba zai iya jera uku ba, an gama da shi. Akwai 'yan bambance-bambance daga gari zuwa gari, amma wannan shi ne ƙashin bayan wasan. R. C. Bell ya kawo shi a littafinsa na wasannin allo na duniya wanda ya fito a 1960, inda ya danganta shi da Dakarkari, mutanen ƙasar Zuru. Zabarmawan Nijar suna da irinsa, suna ce masa dili.

A lura da lissafin. Idan an dasa 'ya'ya 24 a gurbi 30, gurbi shida kacal suka rage a buɗe. Fili ya ƙuntata tun kafin a fara motsi. Ma'anar wannan ita ce, gwani yakan ci wasan tun a wurin dasawa, lokacin da ɗan koyo yake ganin ba a ma fara ba. Yana dasa ɗansa yana toshe na abokin wasa, yana kuma tanadin inda zai motsa bayan taku biyar ko shida. Babban abin da ake nema shi ne a shirya 'ya'ya ta yadda ɗa guda zai riƙa kai da komowa tsakanin gurbi biyu, duk inda ya sauka ya cika uku. Wanda aka kafa wa wannan tarko sai dai ya zuba ido ana tsince masa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya.

Babu ƙwayar sa'a a cikin dara. Ba a jefa komai, ba a ɓoye komai, duk abin da kake gani abokin karawarka yana gani. A ma'aunin Caillois gasa ce tsantsa. Wannan shi ne darajarta, kuma shi ne ya hana ta zama wasan iyali. Wanda ya fi iyawa shi zai ci yau, shi zai ci gobe. Yaro ɗan shekara takwas ba shi da abin da zai yi da babansa a kan dara, sai dai in uban ne ya sakar masa, kuma yara suna saurin gane an sakar musu. Idan kuwa aka wayi gari ɗan ya ƙware har ya ci uban, to ci ne da ba shi da uzuri. Ba za a ce rashin sa'a ba ne. Kai ne ya fi kai, a gaban jama'a. Gidan Bahaushe bai tanadi wurin ajiye irin wannan ba.

Saboda haka dara ta zauna inda ta dace da ita, wato tsakanin tsararraki, a majalisa, a bakin kasuwa, a tasha, a inuwar darbejiya. Mutum biyu ne ke taɓa 'ya'yan, amma wasan na mutum goma ne. 'Yan kallo suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba, suna musu a kan takun da ya riga ya wuce, wanda aka ci ya tashi wani ya zauna. Mata ba sa zama a wannan wuri, yara kuma sai dai su leƙa ta bayan manya. Ta haka ake koyonta, da ido, shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa zaunar da wani ya karanta masa doka.

Ludo

Ludo jikan wani tsohon wasan Indiya ne da ake kira pachisi, wanda ake yi a kan ƙyalle mai siffar gicciye, ana jefa wuri a maimakon dayis. Turawan Ingila suka sauƙaƙa shi, aka yi masa rajista a can a shekarun 1890, daga nan ya bi hanyoyin kasuwancin daularsu ya bazu. Maciji da tsani, wanda sau da yawa ake bugawa a bayan allon ludo, shi ma daga Indiya ya fito. Allon da muka sani a kasuwanninmu shi ne mai katako da gilashi a sama, da launi huɗu, kowane launi da 'ya'ya huɗu, da hanya mai gida 52 da ake zagayawa kafin a shiga gida.

Dokarsa ta farko ita ce ba ka fitowa sai da shida. Da dayis ɗaya, damar samun shida ɗaya ce cikin shida a kowace jifa, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku zai yi jifa shida a jere bai ga shida ba. Wannan jiran yana gundurar mutane, shi ya sa dayis biyu da aka saba amfani da su a Nijeriya suka gyara wasan ƙwarai: damar a samu shida aƙalla a ɗayansu ta zama 11 cikin 36, wato ta kusa ninkawa. Dayis biyun sun kuma ƙara wa ɗan wasa zaɓi, ko ya haɗa lambobin a kan ɗa guda ko ya raba su ga 'ya'ya biyu. A nan ɗan wayon da ke cikin ludo yake. Akwai iyawa, amma ba ta kai ta rinjayi jifa ba.

Wannan gauraye shi ne ya buɗe masa ƙofar gida. Auta tana iya cin yayanta da ke jami'a, kuma ba wanda zai ji an ci masa fuska, domin laifin na dayis ne. Wanda ya ci yana da damar yin kuri, wanda aka ci yana da mafaka. Ga shi mutum huɗu yake ɗauka, ana iya yin biyu-biyu, ba ya bukatar karatu, ba ya bukatar a tona ƙasa, ana ɗora shi a kan katifa ko tabarma. Macen da ba ta fita ta samu wasan da ya zo ya same ta har ɗaki. Duk wanda ya san ɗakin amarya a makonnin farko ya san aikin da ludo yake yi a wurin: ƙawaye da ƙannen miji sun zo taya hira, ba a saba da juna ba, zance yana yankewa, sai a jawo allo. Kafin a zagaya sau biyu an fara musu, musu kuwa shi ne farkon sabo.

Karta

Kartar da ta fi shiga gidaje ita ce Whot. Wani Bature ɗan Ingila mai suna William Henry Storey ne ya ƙirƙiro ta a shekarun 1930, daga baya kamfanin Waddingtons ya riƙa buga ta. A ƙasarta ta asali ta ja baya, a Nijeriya kuwa ta samu gindin zama har wasu suna ɗauka a nan aka haife ta. Kwalin da ake sayarwa a nan yana da kati 54: masu da'ira 12, masu kusurwa uku 12, masu gicciye 9, masu kusurwa huɗu 9, masu tauraro 7, sai kati biyar masu lamba 20, waɗanda mai riƙe da su yake neman siffar da ya ga dama. Lambobin suna tafiya daga 1 zuwa 14, amma babu 6 babu 9.

Dokar a taƙaice ita ce ka ajiye katin da ya yi daidai da na ƙasa a siffa ko a lamba, in ba ka da shi ka je kasuwa, wato ka ɗauki ƙari. Wanda ya fara ƙarar da na hannunsa ya ci. Armashin yana cikin katunan hukunci: 2 ta sa na kusa da kai ya ɗauki biyu, 5 ta sa ya ɗauki uku, 8 ta tsallake shi, 1 ta ba ka damar sake ajiyewa, 14 ta tura kowa kasuwa. Waɗannan dokoki ba ɗaya suke a ko'ina ba. Wani gidan ana kare 2 da wata 2 a tura wa na gaba, wani gidan ba a yarda ba. Wani wurin ba a hukunci da 5 sam. Shi ya sa baƙi in sun haɗu sukan fara da tambayar yadda ake yi a wurin kowa, kuma rabin rigimar da ake yi a kan Whot rigimar dokar gida ce.

Abin da ya bambanta karta da sauran biyun shi ne ɓoyo. A dara komai a fili yake, a ludo ma haka, abin da ba a sani ba shi ne abin da dayis zai kawo. A karta kuwa kowa yana riƙe da sirrinsa. Wannan ya shigo da karatun fuska, da ƙirga abin da ya riga ya sauka, da leƙen hannun maƙwabci, da ɓoye kati a ƙarƙashin cinya. Ha'incin yara a Whot kusan wani ɓangare ne na wasan, kama mai yi kuma ya fi cin wasan daɗi. Tana ɗaukar mutum biyu har zuwa shida ko fiye, tana shiga aljihu, shi ya sa ta mamaye makarantun kwana da ɗakunan samari.

Kunya da barkwanci

A nan nake so in daɗe, domin a ganina a nan ne maganar take. Idan Bature ya ce wasan iyali, hoton da ke ransa shi ne uba da uwa da 'ya'ya sun kewaye tebur ɗaya, kuma masu ƙera wasannin da wannan hoton suke aiki. Gidan Bahaushe ba haka aka tsara shi ba. A cikin gida ɗaya akwai waɗanda dole su yi wasa da juna, akwai waɗanda ba sa ko haɗa ido. A. R. Radcliffe-Brown ya yi bayanin waɗannan dangantaka biyu, ta raha da ta nisanta, a maƙalarsa ta 1940, kuma wanda ya karanta labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954 zai ga yadda suke aiki a gidan Bahaushe daga bakin Baba da kanta.

A ɓangaren kunya akwai ɗan fari da iyayensa. Uwar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, da wuya ta zauna tana jayayya da shi a kan ko ya tsallake gida ɗaya. Akwai suruki da suruka, waɗanda tsakaninsu da mijin 'ya ko matar ɗa sai gaisuwa a durƙushe. Akwai uba da 'ya'yansa da suka tasa. Wasan zaune yana bukatar abubuwan da kunya ta hana: a zauna daf da juna, a ɗaga murya, a ƙaryata mutum, a yi masa dariya in ya faɗi. Ba za ka ce wa surukinka ya je kasuwa ba, ko da katin 14 ne a hannunka.

A ɗaya ɓangaren akwai abokan wasa. Kaka da jika, inda tsohuwa take kiran jikanta mijinta tana yi masa gorin bai kawo cefane ba. Taubasai, 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji. Ƙanin miji da matar wa. Waɗannan al'ada ta riga ta ba su lasisin tsokana, ludo da karta sun zo ne kawai suka ba su sabon fili. Saboda haka idan ka shiga gida ka tarar ana ludo, kafin ka tambaya za ka iya cankar waɗanda ke zaune: yara tsararraki, ko matar wa da ƙannen mijinta, ko faccaloli, ko jikoki sun taru a ɗakin kaka. Maigida in ya shigo, sau da yawa murya takan yi ƙasa har ya wuce. Allon bai sauya tsarin gidan ba, bin layin da ya tarar ya yi.

Haka abin yake a waje. Bakano da Bazazzagi, ko Bafulatani da Babarbare, in sun haɗu a kan dara, cin wasan ƙaramin abu ne a kan abin da bakinsu zai faɗa, kuma ba mai yin fushi. Wannan al'ada ta barkwanci ce hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya da sunan Jamhuriyar Nijar a 2014.

Akwai wuri ɗaya da nake ganin baƙin wasannin sun taɓa tsarin da kansa, shi ne tsakanin miji da mata. A gidan gandu, inda ake zaune da iyaye da 'yan'uwa, zaman miji da matarsa suna wasa da rana abin magana ne. A gidan haya na birni, inda daga shi sai ita sai 'ya'yansu, ba mai gani balle ya yi magana. A irin waɗannan gidaje ne ake samun uba ya zauna da 'ya'yansa a kan ludo, har da ɗan farin. Ban ce ludo ne ya kawo wannan sauyi ba. Ƙaurar da ta raba ma'aurata da babban gida ita ta kawo shi, amma a kan allon ludo ake saurin ganinsa. A gidan mata biyu kuwa, wasan yana iya zama hanyar sulhu, yana kuma iya zama inda ake faɗin abin da ba a iya faɗa kai tsaye. Wadda ta bar 'ya'yan kowa ta nace wa cin na kishiyarta, kowa a wurin ya san ba ludo kaɗai ake yi ba.

Zargin caca

Abu na uku shi ne suna. Haramcin caca a Musulunci ba abin jayayya ba ne, ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun yanke magana. Inda malamai suka yi bayani mai tsawo shi ne wasan da ba a sa kuɗi ba. Hadisin da ya yi hani da nardu, wani tsohon wasan Farisa da ake yi da dayis, yana cikin Sahihu Muslim, kuma Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta ware masa babi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan duk wanda ya yi karatun zaure a ƙasar nan ya bi ta cikinta, ta hana nardu da shaɗaranji (wato chess) duka. Malaman Shafi'iyya sun sassauta a kan shaɗaranji, bisa sharaɗin babu kuɗi, babu sakaci da salla, babu alfasha, saboda shi tunani ne ba jifa ba. Da wannan ma'auni wasu malaman zamani suke haɗa ludo da nardu saboda dayis, wasu kuma suke ganin illar tana ga kuɗi da ɓata lokaci. Yanke hukunci aikin malaman fiƙihu ne, ba na wannan maƙala ba.

Abin da ya shafe mu shi ne, hukuncin jama'a bai bi hukuncin littafi sau da ƙafa ba. Da ana bin littafi, ludo ne zai fi shan zargi, tunda shi ne mai dayis. Amma a aikace karta ce mai baƙin jini. Uban da zai sayo wa 'ya'yansa ludo da hannunsa yana iya yayyaga karta in ya gan ta a ɗakin samari. Dalili shi ne tarihin inda aka saba ganin kowannensu. Karta mai kati 52 ta yi suna ne a gidajen caca da bariki da bayan tasha, har kalmar ɗan karta ta zama zagi, kuma Whot ta gaji wannan suna duk da ba ta da sarki ko sarauniya a jikinta. Ludo kuwa ta hannun yara da mata ya shigo. Abin lura a gefe: ita kartar da ake gani kayan Nasara ce, daga ƙasashen Musulmi ta shiga Turai, ta hannun Mamalik na Masar, a ƙarshen ƙarni na 14. 

Dara ta tsira daga zargin caca a mafi yawan wurare, amma ba ta tsira daga zargin zaman kashe wando ba. Magidancin da aka san shi da dara tun hantsi, ba a yi masa kallon mai neman na kansa.

Waya da abin da ya rage

Kullen korona na 2020 ya tara iyalai a gida na makonni, kuma a lokacin ne manhajar Ludo King, wadda wani kamfanin Indiya ya fitar a 2016, ta bazu a wayoyin mutane a ƙasashe da yawa. Whot ma tana da manhajoji. Wayar ta kawar da rigimar doka da ha'inci, tunda na'ura ce ke jifa tana ƙirgawa, kuma ta ba wanda ke Kano damar wasa da ɗan'uwansa da ke Yamai ko Kumasi. Ta kuma sassauta kunya, domin wanda ba za ka iya zama gabansa ba kana iya cin ɗansa daga wani ɗaki. Sai dai a ganina abin da ta kawar shi ne rabin daɗin. Ludon da ba a musu a cikinsa ƙirga ne kawai.

Inda nake da damuwa shi ne dara. Sauran wasannin tunani sun samu masu tsaya musu. A 2002 masana biyu a wata jami'ar Amsterdam suka sa kwamfuta ta bi duk yanayin da wasan awari, ɗan'uwan darar gurbi 12, zai iya shiga, kusan biliyan 889, suka tabbatar cewa in kowa ya yi daidai canjaras ake tashi. A 2015 Wellington Jighere ya ci gasar Scrabble ta duniya a birnin Perth na Ostareliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya yi haka, bayan shekaru da Nijeriya ta ɗauki wasan a matsayin wasan gasa mai hukuma da masu horarwa. Ayo tana cikin wasannin gargajiya da ake karawa a kansu a bikin wasanni na ƙasa, tare da dambe da kokawa da langa. Darar maza ba ta gaza ɗayansu zurfi ba, amma har yanzu a ƙwaƙwalwar dattawan majalisa take zaune, kuma hanyar koyonta ita ce tsayuwa a bayansu. Yaron da ke makaranta da safe, Islamiyya da yamma, waya da dare, ba shi da lokacin wannan tsayuwa. Ga shi unguwannin birni an shafe su da siminti, ko wurin tona gurbi 30 ya yi wuya.

Ba na kira da a mayar da dara wasan iyali, domin na nuna dalilin da ya sa ba za ta zama ba. Wurinta shi ne tsakanin tsararraki, kuma makaranta cike take da tsararraki. Kirana ga sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi shi ne su tura ɗalibai majalisun dara na Sakkwato da Katsina da Zuru da Maraɗi da Damagaram, su rubuto dokokin kowane gari da sunayen da 'yan wasa suke ba kowane taku da kowane tarko, tun masu sanin suna raye. Malaman lissafi na firamare da sakandare su sa kafinta ya ƙera musu allo mai gurbi 30, su shigar da ita cikin gasar da ake yi tsakanin azuzuwa, maza da mata.